Yadda Ake Gane Shekarun Iyakokin Gonaki

A karkarar Kurya Madaro, kamar sauran ƙasar Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, gonakin gado da yawa ba su da takarda. Shaidarsu ita ce layin gamba, ko shingen aguwa, ko burtalin da ya ratsa tsakaninsu. Idan gardama ta kai gaban hakimi, tambayar ɗaya ce: wace iyaka ta riga wata? Masana suna da hanyoyin amsa ta.

Hanya ta farko ita ce lura da abin da ya yanka wani. Layin dogo daga Zariya ya iso Ƙauran Namoda a 1929. Duk inda ya ratsa gona a karkace, iyakar kuma ta ci gaba a ɗaya gefen ba ta kauce ba, to ta girme shi. Inda kuwa gonaki suka jeru suna bin sa, bayan zuwansa aka shata su. Haka ake auna burtali: gonar da ta cinye masa gefe ita ce baƙuwa.

Hanya ta biyu ita ce tsirrai. A Ingila, wajen 1970, Dokta Max Hooper ya nuna cewa kowane irin itace da aka ƙirga cikin yadi 30 na shinge yana daidai da kimanin shekara 100. Wannan ma'auni bai dace da ƙasar Hausa ba, domin aguwa reshenta ake yanka a kafa, gamba kuma saiwarta ake tsagawa a dasa, wato sabon tsiro kan zauna bisa tsohuwar iyaka. Dogon yaro ya shigo Nijeriya ta Barno a 1928, saboda haka ba zai shaidi iyakar zamanin jihadin 1804 ba. Kuka kuwa daban ce: awon sinadarin kabon ya tabbatar wasu kukokin Afirka sun haura shekara 1,000, kuma cincirindonsu kan nuna kufai.

Hanya ta uku ita ce gwama tsofaffin hotunan jirgin sama da na baya, kamar yadda Michael Mortimore ya yi a karkarar Kano.

Babu shaidar da ta wadatar ita kaɗai, sai an haɗa da bakin dattawa. Wanda ya sare tsohon itacen kan iyaka, ko ya bar tarakta ta shafe layin gamba, takardar gadon jikokinsa ya yaga.