Motar Dizal: Tsafta Kafin Ƙarin Ƙarfi

Masu motar dizal ba su da yawa a titunanmu, amma ba su ɓuya. Su ne za ka ga sun ɗaga bonet da sassafe, su zaro sandar awon baƙin mai su goge, su murɗa makulli su dakata har ƙaramar fitilar hita ta mutu, sannan su tayar. Ina cikinsu. Tsohuwar Hilux nake hawa mai injin 5L, kuma duk abin da hannuna zai iya yi mata ba na kai wa gareji. A Najeriya aljihu ne ya mayar da mu 'yan tsiraru: shekara da shekaru gwamnati na biyan tallafi a kan fetur, har zuwa watan Mayun 2023, alhali dizal, wanda a gidajen mai ake ce wa gas, an daɗe da sakar wa kasuwa farashinsa. Shi ya sa da an ambaci dizal sai hankali ya tafi kan tirela da tifa da janareta. A Turai kuwa an yi lokacin da rabin sababbin ƙananan motocin da ake sayarwa na dizal ne, kuma daga can motocin Kwatano da dama ke fitowa.

Duk kulawar da wannan inji ke nema ta samo asali ne daga yadda yake kama wuta. Ba shi da fulogi. Iska zalla yake zuƙa, fistin ya matse ta har ta koma kashi ɗaya cikin 16 zuwa 22 na girmanta, matsin ya sa zafinta ya haura digiri 500. A daidai nan nozul ke fesa mai, man ya kama da kansa. Dabarar da Rudolf Diesel ya tabbatar ke nan a birnin Augsburg na Jamus a 1897, kuma a 1936 Mercedes-Benz ya sa ta a motar fasinja ƙirar 260 D. Aikin hita shi ne ɗumama cikin silinda in inji ya kwana a sanyi. Saboda haka motar da ke wahalar tashi da asubar hunturu, ta yi ta tari da farin hayaƙi na ɗan lokaci sannan ta daidaita, galibi hita ɗaya ko biyu ne suka mutu. Ana gwada su da mitar lantarki, a kwance su da sifana yayin da inji ke da ɗumi, a hankali, don suna karyewa a cikin rami. Ba sai an sauke inji ba.

Sunan da dizal ya yi na juriya gaskiya ne. Akwai Mercedes 240 D a gidan tarihin kamfanin, wadda wani direban tasi a birnin Tasalonika na ƙasar Girka ya yi tafiyar kilomita miliyan 4.6 da ita, da gyare-gyaren inji a tsakani. Haka Land Cruiser mai injin 1HZ, lita 4.2, silinda shida, wanda Toyota ya fara ƙerawa a 1990, har gobe ƙungiyoyin agaji na shiga ƙauyukan Sahel da ita. Sai dai tsofaffin injuna ne suka yi wannan suna, masu famfon ƙarfe zalla, ba kwamfuta. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗauko dabarun da suka raya tsohon inji a ɗora wa sabo, kuma su ne ke kashe shi.

Bambancin yana cikin matsin mai. Tayar mota takan ɗauki iska kamar 2.5 a ma'aunin bar. Nozul ɗin tsohon inji yana buɗewa a wajen 120 zuwa 150. Amma tun da Alfa Romeo 156 ta fito a 1997 da tsarin da ke tara mai a bututu guda ƙarƙashin matsi, kwamfuta na buɗe kowace injekta, lissafi ya canja: na farko ya kai 1,350, na yanzu suna haura 2,000. Irinsa ne a Hilux mai tambarin D-4D, da Peugeot mai HDi, da Mercedes mai CDI. Ramukan bakin nozul ɗinsu kusan kaurin gashin kai ne, tazarar da ke tsakanin allura da gidanta kuwa ta fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Kuma ba abin da ke shafe waɗannan ƙarafa don kada su ci juna sai shi kansa dizal ɗin da ke ratsa su.

To, ka ga illar gurɓataccen mai. Kananzir da ake surka dizal da shi ba shi da santsin da famfo ke buƙata. Ruwa kuma, ko daga jarkar 'yan bumburutu ya fito, ko daga tankin ƙasa na gidan mai da damina ta ratsa, tsatsa yake haifarwa. Tsohon famfo zai daure ya yi ta tafiya. Sabo zai fara cin kansa, ya riƙa zubar da garin ƙarfe cikin bututu, garin ya bi ta dukan injektoci ya koma tanki. A nan gyara ya tashi daga canjin abu ɗaya, ya zama wanke komai da sauya komai. Wanda kuma aka zuba wa fetur bisa kuskure, kada ya ko murɗa makulli. A tura motar gefe a zuƙe tankin.

Maganin rabin wannan yana ƙasan filtar mai, kuma masu mota da yawa ba su taɓa kai hannu wurin ba. Ruwa ya fi dizal nauyi, don haka yakan kwanta a gindin filta. Akwai ɗan murfin roba a can ƙasa. Ka tara kwalba mai haske, ka sassauta shi, ka danna famfon hannu da ke saman filtar har ka ga ruwa ya ƙare tsantsar mai ya biyo baya, ka ɗaure. Aikin minti biyar ne. Ni nakan yi shi a kai a kai da damina, ba na jiran fitilar gargaɗi. Kwalbar nan kuma ita ce za ta gaya maka gidan man da ya kamata ka daina shiga.

In mai ya ƙare ƙarƙaf, ko an canja filta, sai ka ji bakanike ya ce, "Alhaji, ai iska ta sha." A tsohon inji an saba sassauta bututun nozul, a yi ta buga kik har kumfa ya ƙare. Wannan daidai ne a can. A sabon inji kuwa ganganci ne. Man da ke fita da irin wancan matsi yana huda fata ya shiga cikin tsoka, ƙofar raunin ƙarama, ɓarnar ciki babba, har takan kai ga yanke yatsa. Da famfon hannu ake fitar da iskar, ko a kunna makulli a kashe sau da yawa in motar na da famfon lantarki a tanki. Kuma kada a taɓa laluben yoyo da hannu inji na aiki.

Bayan tsaftar dizal, baƙin mai shi ne na biyu. Kada ka firgita in ka yi juye yau gobe ka ga ya yi baƙi, toka yake kwashewa, aikinsa ke nan. Abin firgita shi ne ka ga ya ƙaru a kan sanda, alamar dizal na tsiyaya cikinsa yana tsinka shi. Littafin motar Turai zai ce ka yi kilomita 15,000 ko fiye kafin juye, amma da man Turai da titin Turai aka yi wannan lissafi. Tun 2009 dokarsu ta ƙayyade sinadarin farar wuta a dizal zuwa kashi 10 cikin miliyan. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta gwada man gidajen mai a ƙasashen Afirka takwas, ta samu wanda ya ninka wannan sau 378. A 2020 ƙasashen ECOWAS sun amince da kashi 50 cikin miliyan, abin a yaba, amma mai mota ba shi da hanyar auna abin da aka zuba masa. Farar wuta in ta ƙone ta haɗu da danshi, ruwa mai cin ƙarfe take zama, baƙin mai ne ke kashe kaifinsa har ya gaji. Shi ya sa nake juye a kilomita 5,000, tare da filta, da mai 15W-40 mai lambar CH-4 ko CI-4. Sababbin motoci nasu daban ne, a bi abin da littafi ya rubuta.

Iska kuwa, wanda ya san hazo ya san abin da filta ke fama da shi. Ana iya ciro ta a kaɗe a hankali. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kai ta wurin mai faci ya hura mata iska da ƙarfi, domin takardar na tsagewa inda ido ba ya gani, ƙura ta wuce ta riƙa goge ringi da bangon silinda. Bakin salansa zai ba ka labarin sauran. Baƙin hayaƙi, mai ya fi iska yawa: filta ta toshe, ko tiyon turbo ya fashe, ko nozul na ɗiga maimakon feshi. Shuɗi, baƙin mai ke ƙonewa. Farin da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, ruwan lagireto kuma na raguwa, a duba gasket.

Akwai al'adar da nake roƙon a bari: cire tamostat da sunan ƙasarmu zafi gare ta. An ƙera dizal ya yi aiki a wajen digiri 80 zuwa 90. In bai kai nan ba, mai ba ya ƙonewa sarai, toka ta yi yawa, ƙarfe ya riƙa ci. Motar da ke zafi, a nemi dalili a lagireto da fanka da famfon ruwa. Haka bel ɗin taimin: a injunan Toyota masu amfani da shi ana canjawa tsakanin kilomita 100,000 zuwa 150,000, gwargwadon ƙira, kuma in ya tsinke fistin zai daki bawul. Kashe fitilar T-BELT ba tare da canja bel ba yaudarar kai ce. Mai turbo kuma ya bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu a silo bayan doguwar tafiya, don fankar ciki na juyawa fiye da sau 100,000 a minti, kashewa nan take na dafa man da ke kanta. Turbo ɗin da ya lalace har yana zubar da mai cikin bututun iska yana iya sa inji ya riƙa shan baƙin mansa, ya yi ta hawa ko an zare makulli. In haka ta faru, a taka birki, a sa babbar giya a saki kuloci, ko a toshe hanyar iska da katako, ba da tafin hannu ba.

Sai maganar ƙarin ƙarfi, wadda ita ce hirar da masu sha'awar dizal suka fi so a ko'ina. A ƙasar Finlan an shahara da ɗaukar injin Mercedes OM606, mai ƙarfin doki 177 daga kamfani, a sa masa babban famfo da babban turbo har ya ninka. A Amurka injin Cummins mai lita 5.9, da ya shiga akori-kurar Dodge a 1989, shi ne abin wasansu, wasu har da gangan suke sa shi aman baƙin hayaƙi. A Tailan Isuzu D-Max ake tsere da ita. Ni 'yan Ostareliya suka fi burge ni, don hanyoyinsu irin namu ne, ƙura da zafi da nisa. Abin da suka saba farawa da shi shi ne ƙarin filtar mai mai raba ruwa, da bututun shan iska da ke hawa gefen gilashi inda ƙura ba ta da yawa, da mitar auna zafin hayaƙi.

Wannan mitar ta fi duk wata kwalliya. Ko an murɗa sukurun famfo a tsohon inji, ko an sake rubuta lissafin kwamfuta a sabo, abu ɗaya ake yi: ƙara mai. Ƙarin mai ƙarin zafi ne, kuma allurar zafin ruwa ba ta nuna shi sai ɓarna ta auku. Da hayaƙi ya doshi digiri 700 a hawan tudu da kaya, sai a sassauta totur, in ba haka ba fistin na iya tsagewa. Masu liƙa wa 1HZ turbo sun san wannan, don ba a ƙera fistin ɗinsa saboda turbo ba. Kuloci ma yakan fara zamewa bayan an ƙara ƙarfi, a sa kuɗinsa cikin lissafi.

Na san dalilin da ke sa mutane fasa matacin toka na salansa, wanda Peugeot 607 ta fara fitowa da shi a 2000. Yawon cikin gari ba ya ba shi zafin da zai ƙone tokar da ya tara, sai ya toshe, mota ta ƙi gudu. Amma kafin a kai ga guduma, a hau babban titi a yi tafiyar rabin awa ba tsayawa, a kuma tabbatar baƙin man mai ƙarancin toka ne. A 2012 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. Wanda ke shaƙar abin da ka saki shi ne ɗan acaɓan da ke bayanka da yarinyar da ke tallan gyaɗa a bakin danja. Ba na iya kawar da kai daga wannan.

Inda hannun mai mota ya tsaya shi ne cikin famfo da injekta. Wannan aikin masu injin gwaji ne. In za ka zaɓi wuri, dubi teburin aikinsu kafin ka saurari bakinsu: wanda ke warware injekta a kan kwali a ƙasa, iska na kaɗo yashi, ɗauki kayanka ka yi gaba. Kafin ka yarda ka sayi huɗu, ka ce, "Maigida, a fara auna man da kowacce ke mayarwa tanki." Da ƙananan kwalabe huɗu da tiyo ake yi, inji na silo, wadda ta cika kwalbarta da sauri ita ce mai laifi, sau da yawa kuma guda ɗaya ce. A sa sabuwar washar tagulla a ƙarƙashin duk wadda aka ciro, a share mazauninta. In sabon inji ne, kowace injekta na da lambobi a kanta, kuma sai an shigar da su cikin kwamfutar motar kafin ta san yawan man da za ta ba wannan silinda. Ka tsaya a wurin har a shigar da su a gabanka.