Tseren juriya a lardin Makka: gwanaye da attajirai a kan titi ɗaya

A ranar Asabar 30 ga watan Nuwamban 2024, motoci fiye da 40 suka shafe sa'o'i shida cur suna kewaya filin tseren da ke gaɓar Bahar Maliya a birnin Jidda, a zagayen ƙarshe na gasar nan ta nahiyar Turai da ake kira GT World Challenge. Wannan ne karon farko da gasar ta kai tserenta na dogon zango ƙasar Saudiyya, kuma ta zaɓi filin da direbobi da dama ke ɗauka a matsayin ɗaya daga cikin mafi haɗari a duniya.

Ga akasarin mutanen Afirka ta Yamma, Jidda ƙofar Makka ce, inda alhazai kan sauka daga jirgi kafin su kama hanyar kilomita kusan 80 zuwa Harami. A cikin birnin Makka kansa babu filin tseren motoci na ƙasa da ƙasa, kuma da wuya a yi shi, tunda ba a barin wanda ba Musulmi ba ya shiga birnin, alhali kuwa yawancin direbobi da makanikan wannan sana'a daga Turai suke fitowa. Saboda haka duk wani babban tsere da ya zo lardin Makka, a Jidda yake yada zango, a kan titin da aka shimfiɗa cikin watanni ƙalilan domin tseren Formula One na farko da ƙasar ta karɓa a watan Disamban 2021, wanda Lewis Hamilton na Birtaniya ya lashe.

To amma tseren juriya dabam yake da na Formula One. A Formula One direba ɗaya ne da motarsa, kuma kafin awa biyu an tashi. A tseren juriya kuwa lokaci ake yankewa, awa shida ko takwas ko ashirin da huɗu, kuma motar da ta fi yawan zagaye a lokacin da agogo ya cika ita ce ta yi nasara. Direbobi uku ne kan yi karɓa-karɓa a mota ɗaya. Kusan kowace awa guda motar kan shiga gareji a zuba mata mai, a sauya tayoyi, wanda ya gaji ya fito wani ya shiga. Daƙiƙa goman da makaniki ya ɓata wajen ɗaure taya tana iya rushe aikin da direba ya sha zufa a kansa tun farkon tsere.

Uwar irin wannan tsere ita ce gasar sa'o'i 24 ta garin Le Mans a ƙasar Faransa, wadda aka fara a shekarar 1923. A can ne a 2010 wata motar kamfanin Audi ta ci kilomita 5,410 cikin yini da kwana, wato tazarar da ta zarce wadda jirgin alhazai ke yi daga Kano zuwa Jidda nesa ba kusa ba. Abin da ya fi bambanta Le Mans da sauran wasannin motoci shi ne motoci iri-iri suke gudu tare a lokaci guda. Akwai rukunin Hypercar, motocin da aka ƙera musamman domin tsere, masu wuce kilomita 330 a awa ɗaya, akwai na tsakiya da ake kira LMP2, sannan ga rukunin GT, wato motocin ƙawa irin su Porsche da Ferrari da Aston Martin waɗanda attajiri zai iya saye ya hau kan titi, aka dai gyara su domin gasa. Kowane rukuni da nasa zakara. Tsakanin mota mafi gudu da ta rukunin GT akwai ratar kusan rabin minti a kowane zagaye, abin da ke nufin direban da ke kan gaba ba ya rabuwa da ratsa cunkoson motoci marasa saurinsa, dare da rana, cikin ruwan sama ko hazo.

A nan ne daɗin kallon yake, a nan ne kuma ajali kan yi kwanto. A ƙa'ida, mai jinkiri ya tsaya a kan layinsa idan aka ɗaga masa shuɗiyar tuta, mai sauri kuma shi ke da alhakin neman inda zai wuce lafiya. Faɗin hakan ya fi aikata shi sauƙi. A ranar 11 ga watan Yunin 1955, motar Mercedes da Pierre Levegh ke tuƙawa ta hau bayan wata ƙaramar Austin-Healey da ba ta kai ta gudu ba, ta tashi sama ta tarwatse cikin 'yan kallo, inda shi da mutane fiye da 80 suka rasa rayukansu. Kamfanin Mercedes ya janye daga tseren motoci a ƙarshen wannan shekara, bai kuma dawo ba sai bayan shekaru kusan talatin. Ko a 2011 ma, motocin Audi biyu daga cikin uku sun yi raga-raga a Le Mans wajen ƙoƙarin wuce motocin Ferrari na rukunin GT, ko da yake direbobinsu, Allan McNish da Mike Rockenfeller, sun tsira da rayukansu.

A tseren Jidda, motocin duk aji ɗaya ne, wato GT3, kuma masu shirya gasar, kamfanin SRO na Bafaranshe Stéphane Ratel, kan daidaita ƙarfinsu ta hanyar ƙara wa wata nauyi, a rage wa wata ƙarfin inji, domin kada wani kamfani ya yi wa saura fintinƙau. Direbobin ne aka kasa rukuni-rukuni. Akwai na ƙwararru zalla waɗanda kamfanonin ƙera motoci ke biya albashi, sai rukunan Zinariya da Azurfa, inda matasa masu neman suna suka fi yawa, sai kuma na Tagulla, wanda dole a sami a kowace mota direban da ba tuƙi ne sana'arsa ba. Galibi irin wannan direba ɗan kasuwa ne da ya manyanta, wanda kuɗinsa ne ke ɗauke da ɗawainiyar ƙungiyar, har da albashin ƙwararrun da ke tuƙi tare da shi. Ba don irinsu ba, da rabin garejin sun kasance a rufe, abin da ya sa ba wanda ke iya ce musu su koma gefe.

Matsalar ita ce filin Jidda ba ya yafe kuskure. Tsawonsa kilomita 6.174, kwanoninsa 27, kuma motocin Formula One kan kewaya shi da matsakaicin gudun kusan kilomita 250 a awa ɗaya. A filayen Turai irin su Paul Ricard, wanda ya kauce daga hanya yakan tarar da fili mai faɗi da zai tsaya a kai. A Jidda katangar kankare zai tarar, kuma da yawa daga cikin kwanonin a rufe suke, direba ba ya ganin abin da ke gabansa sai ya shigo. A nan ne Mick Schumacher ya daki katanga a 2022 har aka ɗauke shi da jirgi mai saukar ungulu zuwa asibiti, motarsa kuma ta rabe biyu lokacin da ake janye ta. Sanya attajiri mai shekara hamsin da matashin da ke neman kambin gasa a cikin wannan lungu, yawanci cikin dare a ƙarƙashin hasken fitilu, kasada ce babba, ko da kuwa ba a fito fili an faɗa ba.

Daga ƙarshe motar Mercedes-AMG ta Lucas Auer da Maro Engel da Daniel Morad ce ta zo ta ɗaya. Sai dai kambin gasar juriya na shekarar ya tafi ne ga wasu 'yan Italiya biyu, Alessandro Pier Guidi da Alessio Rovera, masu tuƙa Ferrari ta ƙungiyar AF Corse, waɗanda makin da suka tara ya ishe su ko da ba su ci tseren ba. Nasarar ta zama tamkar share hawaye a gare su. Watanni biyar kafin nan, a tseren sa'o'i 24 na Spa a ƙasar Beljiyam, suna kan gaba ana saura ƙasa da awa guda a tashi, sai wata Lamborghini da ta lalace ta toshe hanyar shiga gareji, motarsu ta tsaya cik a bayanta tana jira, Aston Martin ta wuce ta lashe tseren.

Zuwan wannan gasa Saudiyya yana da nasaba da mutumin da aka naɗa ministan wasanni a 2020, Yarima Abdulaziz bin Turki al-Faisal, jikan marigayi Sarki Faisal. Kafin ya shiga gwamnati shi kansa direban tseren juriya ne. Ya fara shiga Le Mans a 2011 a rukunin GT, wato ya san yadda ake ji idan manyan motoci suka taso wa mutum ta baya cikin duhu, kuma yana cikin waɗanda suka lashe tseren sa'o'i 24 na Dubai a 2015. Akwai kuma Reema Juffali, haifaffiyar Jidda, wadda ta fara tsere a 2018, shekarar da aka ɗage dokar hana mata tuƙi a ƙasar, daga bisani ta kafa ƙungiyarta mai suna Theeba a 2022. Duk da haka direbobin tseren filin kwalta 'yan ƙasar ba su da yawa. Inda Saudiyya ta fi yin fice shi ne tseren hamada, musamman bayan da Yazeed al-Rajhi ya lashe gasar Dakar a 2025, gasar da aka mayar ƙasar tun 2020.

Hukumomin Saudiyya na bayyana waɗannan wasanni a matsayin wani ɓangare na shirin nan na 2030, wanda ke da nufin rage dogaro da man fetur da kuma jawo masu yawon buɗe ido. Ƙungiyoyin kare haƙƙin bil'adama kuwa, irin su Amnesty International, na zargin cewa ana amfani da su ne wajen wanke sunan gwamnati a idon duniya, suna masu nuni da mutane 81 da aka zartar wa hukuncin kisa a rana ɗaya a watan Maris na 2022, makonni biyu kafin tseren Formula One na wannan shekara. A lokacin wannan tseren ne kuma 'yan tawayen Huthi na Yaman suka kai hari kan wata ma'ajiyar mai ta kamfanin Aramco a Jidda, har ana hango hayaƙi daga filin yayin da direbobi ke gwaji.

Tseren awa shida na Jidda bai sake dawowa a 2025 ba, inda aka rufe gasar a birnin Barcelona na ƙasar Sifen. Babbar gasar juriya ta duniya kuwa, wadda manyan motoci da ƙanana ke gudu tare a cikinta, ta fara zuwa Bahrain tun 2012, ta kuma ƙara da Ƙatar a 2024, ba ta kai ga Saudiyya ba. Filayen waɗannan ƙasashe biyu na dindindin ne, masu faɗi, da aka gina a cikin hamada. Irinsu ne hukumomin Saudiyya suka sa aka fara ginawa a Qiddiya da ke kusa da Riyad, kimanin kilomita 900 daga Jidda, da niyyar mayar da tseren Formula One can idan an kammala.