Obafemi Awolowo Kafin Ya Riƙe Baitulmalin Tarayya: Ƙuruciyarsa, Karatunsa da Aikinsa na Lauya

Galibin mutanen Arewa sun san Cif Obafemi Awolowo ne a matsayin abokin hamayyar Sardauna, wato shugaban jam'iyyar AG wanda ya shigo ƙasar Hausa neman ƙuri'a da jirgin helikwafta a zaɓen 1959. Kaɗan ne suka kula da cewa mutumin da Janar Yakubu Gowon ya damƙa wa kuɗin ƙasa a 1967, ana daf da yaƙin basasa, lauya ne, kuma lauyan da bai sami shiga wannan aiki ba sai da ya kai shekara 37 da haihuwa. Wannan maƙala za ta duba hanyar da ya bi kafin ya kai ga wancan muƙami.

An haife shi ran 6 ga Maris 1909 a Ikenne, cikin ƙasar Remo, wadda a yau take Jihar Ogun. Mahaifinsa manomi ne, kuma yana sana'ar yankan katako. Yana daga cikin Kiristocin farko na garin, shi ya sa aka sa yaron makarantar mishan da wuri. A 1920 ciwon agana ya kashe mahaifin, Obafemi yana da shekara 11, sai kuɗin makaranta ya yanke. Daga nan ya tafi Abeokuta, inda ya yi ta zaman barantaka a gidajen mutane, yana yin itace yana sayarwa, yana shiga makaranta yana fita gwargwadon abin da ya samu. A 1927 ya shiga Kwalejin Wesley ta Badun, makarantar horon malamai, amma bai daɗe ba ya bar ta. Iyakar zamansa a aji ke nan a Nijeriya. Duk sauran ilmin da ya yi kafin ya tafi Ingila, a ɗakinsa ya yi shi, ta hanyar darussan da ake aiko masa ta gidan waya.

Shekarun da suka biyo baya sun fi cancanta a tsaya a kansu, domin a nan ne ya koyi sha'anin kuɗi, kuma da wahala ya koya. Ya yi malanta, ya koyi buga tafireta ya yi akawu, sa'an nan ya yi ɗan lokaci yana ɗauko wa jaridar Daily Times labarai a tsakiyar shekarun 1930. Da ya ga albashi ba zai taɓa kai shi Ingila ba, sai ya faɗa kasuwanci: ba da rance, sayen koko daga manoma, da sufurin mota. A 1937 manyan kamfanonin Turawa masu sayen koko suka haɗa baki a kan farashi, kasuwa kuma ta faɗi. Ƙananan 'yan kasuwa irinsa, waɗanda suke juya kuɗin bashi, su ne suka fara karyewa. Bashi ya yi masa katutu har aka yi gwanjon kayansa, alhali kuwa bai daɗe da yin aure ba, don a watan Disamba na 1937 ne aka ɗaura aurensa da Hannah Idowu Dideolu. Ba abin mamaki ba ne a ce tsantsenin da aka san shi da shi daga baya wajen cin bashi, tushensa yana nan.

A cikin wannan hali ne ya shiga harkar ƙungiyoyi, ta masu motocin sufuri da ta masu sayen amfanin gona, ya kuma zama sakataren reshen Badun na ƙungiyar Nigerian Youth Movement. Duk da haka bai ajiye littafi ba. A 1944 ya ci jarrabawar digiri na ilmin kasuwanci na Jami'ar London ba tare da ya bar Nijeriya ba.

To, me ya sa sai aikin lauya, kuma me ya sa sai Ingila? A zamanin nan babu inda ake koyar da shari'ar Turawa a Nijeriya. Sai a 1961 Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen shari'a, Makarantar Horon Lauyoyi ta Ikko kuwa ta fara aiki a 1963. Wanda duk yake son ya tsaya gaban babbar kotu, galibi sai ya tafi London ya shiga ɗaya daga cikin ƙungiyoyin lauyoyi huɗu na can, wato Inner Temple, Middle Temple, Lincoln's Inn da Gray's Inn, ya ci jarrabawarsu, ya kuma halarci liyafarsu sau adadin da aka ƙayyade. Amfanin aikin ga ɗan ƙasa a ƙarƙashin mulkin mallaka a fili yake: lauya ba ma'aikacin gwamnati ba ne, saboda haka yana iya sukar Gwamna da safe ya ci abincinsa da dare. Wahalarsa ita ce tsada. A 1943 Awolowo ya rubuta wa attajirin nan na Ijebu-Ode, Timothy Adeola Odutola, yana neman rancen fam 1,400, zai biya bayan shekara 12. Bai samu ba. Da abin da ya tara ya tashi a 1944, ya bar matarsa tana kasuwanci tana riƙe da yara.

Shekara biyu da ɗoriya ya yi a London, bai kuwa yi wasa da su ba. Ya sami digirin shari'a, kuma a watan Nuwamba na 1946 ƙungiyar Inner Temple ta rantsar da shi lauya. A wannan ƙungiya ce aka rantsar da lauyan Nijeriya na farko, Sapara Williams, a 1879, haka nan kuma lauyan farko daga Jihar Arewa, Alhaji A.G.F. Abdul-Razaq na Ilori, a 1955. Tazarar da ke tsakanin waɗannan shekaru ta isa ta nuna yadda Kudu ta riga Arewa a wannan fage, ko da yake Arewa tana da alƙalanta masu hukunci da fiƙihun Malikiyya, waɗanda ba a yarda lauya ya tsaya a gabansu ba. A London ɗin ne kuma ya kafa ƙungiyar Yarbawa ta Egbe Omo Oduduwa a 1945, ya rubuta littafinsa Path to Nigerian Freedom, wanda aka buga a 1947, inda ya nemi a gina ƙasar bisa tsarin tarayya mai la'akari da bambancin harsuna.

Aikin lauya na sosai, shekara biyar kacal ya yi shi, daga 1947 zuwa ƙarshen 1951, a Badun. Ya sami kasuwa ƙwarai, kuma wannan rufin asiri ne ya ba shi damar kafa jaridar Nigerian Tribune a 1949 da jam'iyyar AG a 1951. Daga 1952 siyasa ta ɗauke shi gaba ɗaya, har ya zama Firimiyan Jihar Yamma daga 1954 zuwa 1959.

Shari'ar da ta fi kowace shahara a rayuwarsa ita ce wadda shi kansa ya tsaya a akwatin masu laifi. A ƙarshen 1962 aka tuhume shi da ƙulla makircin kifar da Gwamnatin Tarayya. Ya ɗauko lauya daga Ingila, E.F.N. Gratiaen, amma aka hana shi shigowa ƙasa. Awolowo ya kai ƙarar Ministan Harkokin Cikin Gida, Alhaji Usman Sarki, yana kafa hujja da cewa tsarin mulki ya ba wanda ake tuhuma ikon zaɓen lauyansa. Kotu ta ce wannan iko bai kai ga tilasta wa gwamnati ta bar baƙo ya shigo ba. Sai ya kare kansa da kansa. A watan Satumba na 1963 Mai Shari'a Sowemimo ya ɗaure shi shekara 10.

Gowon ya sake shi daga kurkukun Kalaba a watan Agusta na 1966, kuma a shekara mai bi ya naɗa shi Kwamishinan Kuɗi na Tarayya da Mataimakin Shugaban Majalisar Zartarwa. Ya riƙe muƙamin har 1971. A zamaninsa ne Nijeriya ta ƙi karya darajar fam ɗinta sa'ad da Ingila ta karya nata a watan Nuwamba na 1967, aka kuma canja takardun kuɗi a watan Janairu na 1968 don kashe waɗanda suke hannun Biyafara. Lambar Babban Lauyan Nijeriya, SAN, ba ta zo masa ba sai a 1978, shekara 9 kafin rasuwarsa.