Hanyoyin Gano Lalacewar Tsohuwar Amfilifayar Jitar Bes da Gyaranta: Nazari Daga Yankin Garo

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a yi bayani a kan yadda ake gano abin da ke damun tsohuwar amfilifayar jitar bes da yadda ake gyara ta, tare da la'akari da halin da mai gyaran rediyo yake ciki a gari irin Garo, cikin Ƙaramar Hukumar Kabo, a kan hanyar Kano zuwa Gwarzo. Ra'ayin takardar shi ne, tsufa kaɗai bai cika kashe wannan na'ura ba. Abubuwan da suka fi kashe ta a ƙasarmu su ne irin wutar da ake ba ta, da ƙura da zafi, sai kuma gaggawar mai gyara wanda yake fara canza kaya tun bai san inda ciwon yake ba.

Asalin na'urar da yadda ta iso mana

Jitar bes ita ce jita mai tsarkiya huɗu, mai kaurin murya. Leo Fender na Kalifoniya a Amurka ya fito da irinta mai suna Precision a 1951, sa'an nan a 1952 ya ƙera mata amfilifaya mai suna Bassman. Kamfanin Ampeg ya biyo baya da B-15 a 1960, da kuma SVT mai ƙarfin wat 300 a 1969. A Ingila kuwa, Jim Marshall ya kwaikwayi tsarin Bassman ya fito da JTM45 a 1962. Duk waɗannan da bawul suke aiki, watau kwalaben gilashin nan masu yin ja a ciki, irin waɗanda manya suka sani a tsofaffin akwatunan rediyo kafin zuwan taranzista.

Dalilin da ya sa aka ware wa wannan jita amfilifayarta shi ne, tsarkiyarta mafi kauri tana karkarwa sau 41 ne kawai a daƙiƙa guda, alhali ta jita ta yau da kullum tana yin 82. Amo mai kauri haka yana bukatar a tura iska mai yawa, don haka dole ne a sami babbar sifika, da babbar taransifoma, da wuta mai ƙarfi. Nauyin da masu ɗauka suke kuka da shi, nauyin ƙarfe da tagullar taransifomomin nan ne.

Makaɗan zamani na otal-otal da coci-coci na birane irin Kano da Kaduna da Jos su ne ainihin masu amfani da irin wannan kaya, daga baya kuma kayan gwanjo masu shigowa ta Legas da Kwatano suka ƙara yawansu. In irin wannan amfilifaya ta gangaro ƙauye, galibi takan bar aikinta na asali. Sai a jona mata makirfo a wurin biki, ko majalisin yabo, ko walimar saukar karatu, tana yin aikin da aka saba yi da Ahuja ta ƙasar Indiya. Amma Ahuja don muryar mutum aka yi ta, kuma da yawa daga cikinta suna aiki da batirin mota mai bolt 12. Mai gyaran da hannunsa ya saba da ita, in ya buɗe Bassman, ya shiga wata duniya dabam.

Haɗari

Wajibi ne a fara da wannan, domin magana ce ta rai. Manyan bawul na irin wannan amfilifaya suna aiki ne da wuta mai kimanin bolt 400 zuwa 500 ko fiye, kuma akwai manyan kwandensa da suke tara wannan wuta, suna iya riƙe ta ko bayan an zare waya daga bango. Saboda haka kafin a sa hannu, sai a sauke wutar ta hanyar haɗa kan kwandensa da jikin ƙarfen na'urar ta cikin rizista, a auna da mita a tabbata ta sauka. Masu gaggawa sukan gitta sukuddireba kai tsaye, tartsatsi ya tashi. Wannan yana cutar da kwandensar, yana kuma iya cutar da idon mai gyara. In kuwa tilas ne a yi awo tana kunne, to a yi da hannu ɗaya, ɗayan yana cikin aljihu, a tsaya a kan busasshen katako da takalmin roba, don kada wuta ta sami hanyar ratsa ƙirji.

Doka ta biyu ta kare na'urar ce. Ba a kunna amfilifaya mai bawul sai sifika tana jone da ita. In aka buga mata sauti babu sifika, ƙarfin da ya kamata ya fita sai ya koma kan taransifomar fitar da sauti ya huda rufin wayoyinta, ita kuwa tana cikin kaya mafi tsada da wuyar samu a duk cikin akwatin.

Tambaya, da ido, da hanci

Mai gyara na ƙwarai yakan fara da tambayar mai kaya, kamar yadda likita yake yi. Da wace wuta aka kunna ta? Sifika nawa aka jona mata? Shekara nawa ta yi a ajiye? Tambaya ta farko ita ce mafi muhimmanci. Wutar Nijeriya, tun zamanin NEPA har zuwa KEDCO, ta bolt 230 ce ko kusa da haka, tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. Ta Amurka bolt 120 ce, tana yin 60. Amfilifayar da aka ƙera don kasuwar Amurka, in aka soka ta a bangonmu ba tare da taransifomar rage wuta ba, sai fis ya ƙone nan take, in an yi sa'a ke nan. In kuwa wani ya riga ya naɗe fis ɗin da zaren waya ko takardar azurfar kwalin taba, kamar yadda aka saba, to taransifomar ce za ta ƙone a madadinsa. Ko da an rage wutar daidai, taransifomar da aka yi don 60 takan fi ɗaukar zafi a kan 50, balle a watan Afrilu lokacin da zafin ƙasar Kano yake kai maki 40. Daɗin daɗawa, a wurin biki da ƙaramin janareto ake aiki, shi kuwa wutarsa hawa da sauka take yi gwargwadon kayan da aka ɗora masa.

Bayan tambaya sai a buɗe a duba. Ƙurar hunturu takan cika ramukan da ƙafafun bawul suke shiga, in damina ta zo ta jiƙa sai ta zama hanyar da wuta za ta yi tsalle daga ƙafa zuwa ƙafa, ta bar baƙin tabo. Zanzaro yana gina ɗakinsa a tsakanin wayoyi, ɓera yana cin rufinsu, gara kuma tana cin katakon akwati. Kwandensar da ta kumbura ko ta zubar da farin gari ta gama aiki. Taransifomar da ta ƙone kuwa, hanci yakan riga ido sanin labarinta.

Gwaji da ƙwan fitila

Amfilifayar da ta daɗe a ajiye, ko take ƙone fis, ba a ba ta wuta gaba ɗaya. Akwai dabara mai araha wadda ta dace da mai gyaran ƙauye ƙwarai. A sami ƙwan fitila irin na da, mai zare a ciki, na wat 60 ko 100, a jera shi a kan layi guda da na'urar yadda wuta ba za ta isa gare ta ba sai ta ratsa ta cikinsa. In lafiya take, ƙwan zai yi haske ɗan lokaci ya dushe. In ya tsaya da haske sosai, to wuta tana zurarewa a wani wuri, ƙwan kuwa ya tare ta kafin ta yi ɓarna. Ƙwayayen zamani marasa cin wuta ba sa yin wannan aiki, don haka wanda ya sami na da sai ya adana shi kamar kayan aiki.

Da wannan ƙwai ake bin sawun ciwon. A zare bawul duka a kunna. In hasken bai dushe ba, laifin yana wajen taransifomar wuta ko wayoyinta. In ya dushe, sai a mayar da bawul mai daidaita wuta, wanda a Bassman ta 1959 lambarsa GZ34, a sake gwadawa. In hasken ya dawo, shi ne ko manyan kwandensa. Daga nan sai a mayar da manyan bawul biyu na fitar da sauti, 5881 ko 6L6. Wanda shigarsa ta dawo da hasken, a nan za a tsaya.

Abin da kunne yake faɗa

Mafi yawan ƙorafin masu kaya shi ne gurnani, watau ƙugin nan da ba ya yankewa ko ba a taɓa jita ba. Gurnanin iri biyu ne, kuma jitar da kanta tana iya bambance su. Tsarkiyarta mafi siriri, in an kaɗa ta a sake, tana yin 98 a daƙiƙa. In gurnanin ya yi kusan daidai da wannan amo, to na 100 ne, watau ninki biyu na wutar bango, alama ce ta manyan kwandensa sun bushe ba sa tace wuta. In kuwa ya yi daidai da amon tsarkiya mafi kauri an danne ta a gaɓa ta uku, wanda yake yin 49, to na 50 ne, sai a nemi laifin a wajen wayoyin da ke kai bolt 6.3 don ɗumama bawul, ko wani bawul ɗin kansa, ko wayar jita da rufinta ya tsinke. Irin waɗannan manyan kwandensa akwai ruwan magani a cikinsu wanda yake bushewa da shekaru, zafi kuma yana gaggauta bushewar. Wadda ta shekara 40 ko 50 a ƙasa irin tamu, a ganina ba a tsaya gwada ta, canzawa ake yi, da mai ɗaukar bolt daidai da tsohuwar ko fiye, a kuma kula da kai da gindi wajen liƙawa da dalma, domin in aka juya ta fashewa take yi.

Ƙara mai kama da suyar ƙosai kuwa, sau da yawa datti ne a ramukan bawul ko a maɓallan ƙara murya, ko kuma tsofaffin rizista masu launin ƙasa waɗanda suke shan raɓa. Ana gano wurin ta hanyar ƙwanƙwasa kayan ɗaya bayan ɗaya da busasshen tsinke. Kada a yi da fensir, domin bakinsa yana ɗaukar wuta.

Akwai wata alama da ba ta jiran gobe. In aka ga farantin da ke cikin babban bawul ya yi ja kamar garwashi, ban da ɗan jan da aka saba gani a tsakiya, sai a kashe nan da nan. Babban bawul kamar doki ne, yana da linzami, watau wata 'yar wuta ta ƙasa da sifiri da ake ba shi a ƙafarsa ta 5, wadda a Bassman take kusan bolt 48. In wannan wuta ta ɓace, ko wata ƙaramar kwandensa da ke gabansa ta fara yoyo ta rage ta, sai bawul ya yi ta zuƙar wuta har ya ƙone. A nan ne masu gyara da yawa suke asara: su sayo sabon bawul su sa, shi ma ya bi ɗan'uwansa cikin sa'a guda, domin ba a taɓa ainihin ciwon ba. Bawul kuwa ba arha ne da shi ba. Ƙasashe kaɗan suka rage masu ƙera shi, irin su Rasha da Sulobakiya da Sin, kuma yaƙin Rasha da Yukiren ya sa ya yi tsada ƙwarai a 2022.

Sifika da taransifoma

Sifika ba ta da wuyar gwaji. A taɓa mata batirin tocila, in takardarta ta motsa tana da rai. A danna takardar a hankali da yatsu, in an ji gogayya to naɗin wayar da ke ciki ya karkace saboda zafi. Abin lura shi ne adadin om. Kowace amfilifaya akwai nauyin da aka yi ta dominsa, 8 ko 4, tsohuwar Bassman mai sifika huɗu ma 2. Sifika biyu masu om 8 in aka jona su gefe da gefe sun zama 4, huɗu sun zama 2. Al'adar nan ta ƙara lasifika a kan lasifika don murya ta kai bayan gari ita ce take gasa bawul da taransifoma. Lasifikar masallaci mai faɗin baki kuwa ba a yi ta don amon bes ba, in aka tura mata shi ɗan faifan cikinta yagewa yake yi.

In taransifomar ta riga ta ƙone, akwai masu naɗin waya a Kano, musamman wajen Sabon Gari, waɗanda suka ƙware a kan fanka da injin ruwa, kuma taransifomar wuta ba za ta gagare su ba. Ta fitar da sauti ce take bukatar haƙuri, domin hawa-hawa aka naɗa ta, ana cuɗanya naɗin shiga da na fita. Sai an warware tsohuwar a hankali, ana ƙirga zagaye, ana rubuta kaurin waya da jerin hawan, sa'an nan a mayar yadda aka samu. In aka naɗa ta dunƙule guda za ta yi ƙara, amma amonta ba zai koma yadda yake ba. Wasu in aiki ya kai nan sai su kwashe kayan ciki duka su dasa ɗan allon zamani mai araha. Akwatin zai yi magana, gaskiya ne, sai dai an watsar da abin da ya ba shi daraja, wanda masu neman tsofaffin kayan kiɗa a Turai da Amurka suke biyan kuɗi mai yawa a kansa.

Aiki na ƙarshe kafin a rufe akwati shi ne wayar bango. Tsofaffin amfilifayoyin Amurka da waya mai ƙafa biyu suka zo, tare da wata kwandensa da ke haɗa layin wuta da jikin ƙarfe. In ta lalace, wutar bango za ta bi jikin na'urar ta kai ga tsarkiyar jita ko bakin makirfo. Sai a cire ta, a sa waya mai ƙafa uku, a ɗaure ta ukun a jikin ƙarfe da noti. Tun da yake gidaje da yawa a karkara ba a ja musu wayar ƙasa ba, haka nan filin biki, sai a gaya wa mai kaya ya kafa sandar ƙarfe a ƙasa mai danshi kusa da janareto, ya haɗa ta da jikin injin da ƙafa ta uku ta soket ɗin da zai yi amfani da shi.