Daga Facebook Zuwa Teburin Editin: Yadda Za Ka Juya Bidiyon Hawan Daura Ba Tare Da Ka Ƙara Lalata Shi Ba

Duk lokacin Hawan Magajiya ko Sallar Gani a Daura, wayoyi kan cika sama. Tawagogin hakimai daga Daura, Mai'adua, Zango, Baure da Sandamu suna wucewa domin gaishe da Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, wanda ke kan karagar tun 2007, matasa kuwa na ta ɗauka. Kafin magariba hotunan sun watsu a Facebook, TikTok da WhatsApp.

Matsalar takan taso ne bayan an share hawa, idan wani ya ce zai tattaro waɗannan guntaye ya haɗa cikakken shiri. Ya sauke su, ya zuba a Premiere Pro ko DaVinci Resolve, sai kwamfuta ta fara ƙagewa, sauti ya riga hoto, wani fayil ɗin ma ya ƙi buɗewa. Sau da yawa laifin ba na kwamfutar ba ne. Fayil ɗin ne aka yi shi don kallo, ba don tacewa ba.

Mazubi daban, kodek daban

MP4, MOV da WebM da kake gani a ƙarshen sunan fayil mazubi ne kawai. Abin da ke ciki shi ne kodek, wato dabarar da aka bi aka matse hoton. Yawancin bidiyon intanet na zuwa da H.264 na 2003, ko VP9 na Google, ko AV1 da ya fito a 2018. Canja sunan fayil daga WebM zuwa MP4 da hannu bai canja komai ba, fasa-kwaurin suna kawai ka yi.

Waɗannan kodek suna rage nauyi ta hanyar ajiye cikakken hoto guda ɗaya, sannan a firem-firem ɗin da ke biye su rubuta abin da ya sauya kaɗai. Ga mai kallo wannan alheri ne, data ba ta ƙarewa da wuri. Ga mai editin kuwa wahala ce, domin duk inda ya tsaya zai yanka, sai kwamfuta ta koma baya ta lissafo hoton daga tushe. Hawa kuma shi ne mafi wuyar matsewa: ƙura na tashi, doki na sukuwa, rawani da alkyabba na kaɗawa, ga hayaƙin 'yan bindiga. Komai na motsi lokaci guda, shi ya sa aikin zaren da ke jikin kayan doki yake komawa dusu-dusu.

Kodek ɗin editin, irin su ProRes da Apple ya fitar a 2007 da DNxHD da DNxHR na kamfanin Avid, suna ajiye kowane firem cikakke. Kwamfuta ba ta buƙatar dogon lissafi, sai aiki ya tafi sumul.

Abin da juyawa ba za ta yi ba

A riƙe wannan da kyau: juya fayil zuwa ProRes ba ya dawo da ingancin da ya riga ya zube. Idan WhatsApp ya matse bidiyo, sannan aka ɗora a Facebook aka sake matsewa, abin da ya tafi ya tafi. Amfanin juyawar shi ne ta tsayar da zubar, ta kuma sauƙaƙa aiki.

Don haka matakin farko shi ne neman wanda ya ɗauka. Ka nemi izininsa, domin aikinsa ne, ka kuma roƙe shi asalin fayil ɗin. Ya turo ta Xender, ko kebul, ko Google Drive. Idan dole sai ta WhatsApp, ya tura shi a matsayin fayil ɗin takarda, wanda ke ɗaukar har 2GB ba tare da matsewa ba.

Me ya sa sauti ke gudu?

Waya ba ta tsayawa kan adadin firem ɗaya. An saita ta kan 30 a daƙiƙa, amma idan haske ya ragu ko ta yi zafi a rana, adadin yakan sauka ya sake hawa. Manhajar editin kuwa ta fi son adadi tsayayye. Sakamakon shi ne ka ga mai kakaki ya sauke, amma har yanzu ana jin busa. Wajen juyawa sai ka ɗaure adadin wuri guda. Idan wayar ta ɗauka a 30, ka bar shi a 30. Sai dai in gidan talabijin za a kai wa, nan ka tambaye su, domin tsarin talabijin na Najeriya 25 ne.

Kayan aiki

FFmpeg, wanda Fabrice Bellard ɗan Faransa ya faro a 2000, kyauta ne, kuma shi ne injin da ke cikin yawancin manhajojin juya bidiyo. Ga umarnin:

ffmpeg -i hawa.mp4 -vf fps=30 -c:v prores_ks -profile:v 1 -pix_fmt yuv422p10le -c:a pcm_s16le -ar 48000 hawa.mov

Lamba 1 na nufin ProRes LT, wanda ya wadatar ga bidiyon waya ko na intanet. Lamba 0 ta fi sauƙin nauyi, 2 da 3 kuwa sun fi cin wuri. Wanda baƙin allo ke ba tsoro ya nemi Shutter Encoder, shi ma kyauta ne, dannawa kawai ake yi. Masu Android na iya saka FFmpeg ta cikin Termux, amma a yi haƙuri, waya za ta yi zafi, batir zai sha.

A guji shafukan da ke cewa ka loda su juya maka. Data sau biyu za ka ƙona, wajen hawa da wajen sauka, kuma ka miƙa hotunan mutane ga wanda ba ka sani ba.

A shirya wa nauyi

YouTube na ba da shawarar a loda bidiyon 1080p a kan megabit 8 a daƙiƙa, kusan 60MB ke nan a minti. ProRes LT na kaiwa megabit 102, wato sama da 750MB a minti. ProRes 422 kuwa ya haura 1GB a minti. Filas ko memorin da ke kan tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce 4GB, sai an mayar da shi exFAT, kuma mayarwar na goge duk abin da ke ciki, don haka a kwashe kaya tukuna.

Idan a CapCut ko wata manhajar waya za ka yi aikin, ba ka buƙatar ProRes. H.264 mai tsayayyen adadin firem ya ishe ka.

Ajiye asali

Ka juya sau ɗaya, daga mafi kyawun kwafin da ka samu. Ka ajiye asalin a wuri biyu, ka sa masa suna da shekara, da sunan hawan, da na wanda ya ɗauka. A Disambar 2024 UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, kuma tacaccen gajeren bidiyo na cikin abin da ake buƙata kafin a duba irin wannan buƙata. Garin Bayajidda da rijiyar Kusugu yana da abin nunawa. Duk ranar da aka zo neman hotunan hawan bana, fayil ɗin da ke cikin memorinka zai fi wanda ya zaga gidajen WhatsApp goma daraja, muddin ba ka goge shi don neman wurin sabon wasa ba.