Abin Da Muka Gani A Kasuwannin Yamai

Kwanan baya muka yi tafiya zuwa Yamai, babban birnin Jamhuriyar Nijar, muka kwana shida. Sau da yawa in an ambaci ƙasar nan sai a ce tana cikin matalautan ƙasashen duniya, a yi shiru. To, gani ya kori ji. Saboda haka muka bar ofisoshi, muka bi kasuwa da ƙafa don mu ga yadda talaka ya ke cin abinci.

Abin da ya fara rikita mu shi ne lissafi. Kuɗinsu sefa ne, amma da dala a ke ciniki, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce, jaka kuma sefa 1,000. Wata mai albasa ta ce mana, "Dala ashirin," muka miƙa sefa 25 muna jiran canji, ashe 100 ta ke nufi. Ta yi dariya ta ce, "Alhaji, lalle ku baƙi ne." Ban da wannan ba mu sha wuyar magana ba, gama Hausa da Zabarmanci su ne harsunan ciniki.

Tun da asuba titi ya ke cika. Ga 'yan garuwa suna tura kura, ga masu shayi sun jera benci, ga mata da kwanonin dambu da zogale. A kan Gadar Kanadi, wadda aka gama a 1970, muka ga raƙumi da kaya yana tafiya a gefen motoci, ba wanda ya waiwaya.

Amma inda muka fi daɗewa shi ne kasuwar Katako. Nan ba a zubar da kome. Tsohuwar taya ta zama takalmi ko guga, ganga ta zama akwati ko murhu, gwangwanin lemo kuwa sai a narke shi, a zuba cikin ƙirar yashi, a fitar da tukunya. Wanda ya ga wannan aiki ba zai ce lalaci ne ya kawo talaucin ba.

Mun lura kuma yadda a ke saye kaɗan kaɗan: mai a cokali, sukari 'yan ƙwayoyi, gawayi ɗan ƙulli. Magidanci ba ya iya sayen buhu, sai abin da za a ci yau. In an yi lissafi kuwa, shi ne ya ke biyan tsada fiye da mai hali. Ga shi ƙasar ba ta da teku, Kwatano kuwa, inda a da aka saba sauke kayanta, tafiyar wajen kilomita 1,000 ce. Sa'ad da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin watan Yuli 2023, shinkafa ta yi tsada, mai sayen ɗan awo shi ya fara ji a jikinsa.

Babban abin tsoro kuwa shi ne gobara. Babbar Kasuwa ta ƙone a 1982, ba a buɗe sabuwa ba sai 1987. Ƙaramar Kasuwa kuma wuta ta cinye ta a 2012. Ɗan kasuwan da jarinsa duka yana cikin rumfa, dare ɗaya ya isa ya mai da shi mai bara.

Jama'a, wannan darasi namu ne, domin haka kasuwar Sabon Gari ta Kano ta yi a 2016. Ku ma'aikata masu karɓar kuɗin rumfa, ku tuna amana ce. A bar hanyar da motar kashe gobara za ta shiga, a tanadi ruwa kusa, a hana kwana da garwashi. Ku kuma malamai, ku koya wa yara girmama mai sana'a kome ƙanƙantarta. Allah ya tsare dukiyar talakawa, amin.