RABON NAUYIN TSARO: ABIN DA BIRNIN KUDU DA GWARAM SUKA BIYA A ZAMANIN YAƘIN NINGI

A cikin watan Yuni na shekarar 2025 shugabannin ƙasashen Ƙungiyar Tsaro ta NATO suka taru a birnin Hague na ƙasar Holan, suka amince cewa kafin shekarar 2035 kowace ƙasa za ta kai ga kashe kashi 5 cikin 100 na dukiyar da take samarwa a shekara a kan sha'anin tsaro. Ƙasar Sifaniya, wadda take can nesa da Rasha, ta ce ita ba za ta iya ba. Ƙasar Poland kuwa, wadda take bakin iyaka, tun kafin taron ta riga ta haura kashi 4. Wannan saɓani tsakanin na kusa da wuta da na nesa da ita ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin kakannin mutanen Birnin Kudu da Gwaram sun ɗanɗana shi har fiye da shekara hamsin.

Waɗannan garuruwa biyu, waɗanda yau suke kudancin Jihar Jigawa, a ƙarni na 19 suna cikin ƙasar Kano ne, kuma su ne ƙofarta ta wajen kudu maso gabas. Daga bayansu sai duwatsun Ningi da na Warji. Ita kuma Kano ɗaya ce daga cikin masarautun Daular Sakkwato, daular da in an dube ta ta fuskar yaƙi ta fi kama da ƙawance, don ba ta da wata runduna guda ta dindindin wadda ake biya daga baitulmali ɗaya. Kowane sarki shi yake tsare ƙasarsa da dawakinsa da dakarunsa. Abin da Sarkin Musulmi yake da shi a kansu shi ne gaisuwa ta kowace shekara, da ikon aika musu takarda su kawo gudummawa in yaƙi ya taso, kamar yaƙe-yaƙen da aka yi ta yi da Gobir da Kabi. Al'amuran Kano da Zazzau kuwa ta hannun Waziri suke bi.

A cikin ƙasar Kano kanta nauyin hawa uku ne. Talaka yana biyan kuɗin ƙasa. Baturen nan matafiyi, Barth, wanda ya zo Kano a shekarar 1851, ya rubuta cewa kowane magidanci wuri 2,500 yake biya, ya kuma ƙiyasta rundunar Kano da dawaki 7,000 da dakaru fiye da 20,000. Hakimai da sauran masu sarauta su ne masu kiwon dawakin, su sayi lifidi da sulke, su fito da barorinsu ranar da aka buga tambari. Hawa na uku shi ne na garuruwan iyaka, watau ribaɗi, tsarin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ƙarfafa ƙwarai, har shi kansa ya zauna a Wurno don ya zama abin koyi. Mutumin garin iyaka biyansa ba a awonsa da wuri. Shi ne mai gyaran ganuwa in damina ta wuce ta zubar da ita, shi ne mai gadin ƙofa, shi ne kuma wanda ba ya iya yin gona nesa da gari, komai kyan ƙasar, don kada maharan su tarar da shi a daji.

Abin mamaki, asalin fitinar da ta addabi kudancin Kano daga gardamar haraji ta fito. Wajen shekarar 1846 wani malami, Malam Hamza, ya bar garin Tsakuwa ta ƙasar Kano tare da almajiransa saboda ƙin yarda da harajin da aka ɗora wa malamai, ya shiga duwatsun Ningi. A can ya haɗa kan mutanen dutse, irin su Butawa da Warjawa da Fa'awa, waɗanda da ma ba su son mulkin masarautu. Ashe ke nan ɗaya ɓangaren ma ƙawance ne: malamai suka kawo shugabanci da sanin ƙasar Kano, mutanen dutse suka kawo baka da kibiya da mafaka. Bayan rasuwar Hamza magadansa, Ɗan Maje da Haruna Ƙarami da Ɗan Yaya, suka mai da Ningi ƙasa mai ƙarfi, tana kai hari Kano da Bauchi da Zazzau, tana kwasar mutane da shanu.

To, a nan ne ƙawancen masarautun ya nuna rauninsa. Ningi tana tsakiyar ƙasashe uku, kowace ɗaya ta fi ta jama'a da dukiya nesa ba kusa ba, amma har Turawa suka zo ba a ci ta ba. Ba rashin ƙoƙari ba ne. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a shekarar 1855, ya sha fita da kansa zuwa kudu. Sarkin Bauchi Ibrahim ya bar birninsa ya koma Rauta da zama don ya tsare hanyar mahara. Amma kowa a nasa lokacin yake fita, ta tasa fuskar, kuma kowa da nasa ciwon. Kano tana da Maraɗi da Damagaram a arewa, ga kiran Sakkwato wanda ba a ƙi. Dokin da aka aika yamma gudummawa, ba shi ne zai tsaya a ƙofar Gwaram ba. Har ila yau akwai lokutan da ake ƙulla amana tsakanin Ningi da wata masarauta ita kaɗai, alhali kuwa maharin da aka rufe wa ƙofa guda, ta maƙwabci zai nema.

Akwai kuma maganar ganima, wadda a wancan zamani ita ce ladan mayaƙi. Bisa ƙa'idar shari'a, in an fid da humusi, watau kashi ɗaya cikin biyar, mai doki yana samun rabo uku, dakare rabo ɗaya, saboda a mayar wa mai doki abin da ya kashe wajen kiwo. Wannan tsari yana da kyau in ana cin gari. Amma yaƙin Ningi yaƙin tsaro ne da bin sawu, kuma doki mai lifidi ba shi da wani amfani a kan dutse. Bafaden da ya taso daga birni ya yi wata biyu a sansani, ya koma ba bawa ba saniya, wataƙila ma dokin ya mutu, ba zai yi ɗokin dawowa baɗi ba. Da damina ta kawo kai runduna takan watse kowa ya koma gonarsa, a bar mutanen iyaka su kaɗai da ganuwarsu. Na birni yana ganin shi ne mai ciyar da yaƙi tun da daga aljihunsa ake sayen doki, na iyaka yana ganin shi ne mai biya tun da 'ya'yansa ake kamawa, kuma babu wani ma'auni da zai auna waɗannan biyu a faifai ɗaya.

Ko a lokacin da aka yi nasarar tara masarautu wuri guda, yawa bai hana kunya ba. Sa'ad da Sarkin Haɗejiya Buhari ya yi wa Sakkwato tawaye, an haɗo masa runduna daga Kano da maƙwabtanta, amma ya watsa ta a gamon Kafur, ya ci gaba da mulkinsa har ya rasu a shekarar 1863. Rundunar da kowane ɓangare yake jin umurnin sarkinsa kaɗai, wuyar tarawa gare ta, sauƙin watsewa.

Ningi ba ta daina kai hari ba sai da Turawan Ingila suka shigo yankin a shekarar 1902, Kano kuma ta faɗi a watan Fabrairu na 1903. Ganuwa ta zama abin tarihi, jama'a suka fita suka yi gonaki inda da ba a iya takawa.

Irin wannan lissafi dai shi ne yake gaban ƙasashen yankin Tafkin Chadi a wannan zamani. A shekarar 2015 aka sake tsara rundunar haɗin gwiwa don yaƙi da Boko Haram, wadda ta ƙunshi Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru da Benin, aka kafa hedkwatarta a Injamena. Nijeriya ta yi alkawarin dalar Amurka miliyan 100, aka bar mata muƙamin babban kwamanda. Aka raba fagen fama kashi huɗu, kowace ƙasa ta bakin tafkin tana riƙe da ɗaya, kuma yawancin ɗawainiyar sojojinta a wuyanta take, tamkar dai yadda kowane sarki yake riƙe da ribaɗinsa. A watan Maris na 2020 aka kashe sojojin Chadi kusan 100 a Bohoma, shugaban ƙasar na lokacin, Idris Debi, ya fito ya yi kukan cewa an bar wa ƙasarsa nauyin yaƙin ita kaɗai. A ƙarshen 2024 ɗansa Mahamat, wanda ya gaje shi, ya yi barazanar janye sojojinsa bayan an kashe masa wasu kimanin 40 a wani harin. Chadi ba ta fita ba a lokacin. Nijar ce, mai riƙe da ɓangaren Diffa, ta ba da sanarwar ficewarta a ƙarshen watan Maris na shekarar 2025, tana mai cewa za ta mai da sojojinta ga tsaron wuraren man fetur ɗinta.